Tanadin abincin wata uku a gida: lissafi, bushewa da toshe iska

Tsakanin 2020 da 2024 mutanen Arewa sun ga hanyoyi daban-daban da abinci ke yanke wa gida. A 2020 kullen korona ya rufe kasuwanni. A farkon 2023 takardun naira suka ɓace, mutum na da kuɗi a banki amma mai awo ba ya karɓar tiransifa. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka rufe iyaka, hatsi da dabbobi suka daina ketarawa ta Jibiya da Illela da Maigatari yadda aka saba. A watan Agustan 2024 aka sa dokar hana fita a Kano da wasu jihohi, sannan a watan Satumba madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare.

Waɗannan masifu ba iri ɗaya ba ne, kuma ajiya ɗaya ba ta maganinsu duka. Dokar hana fita da ambaliya na buƙatar abincin da za a ci yau da gobe, wani lokaci ba tare da an hura wuta ba. Tsada da rufe iyaka na buƙatar ɗanyen hatsi da zai kai watanni. Gidaje da yawa na yin na biyun su manta da na farkon, kuma ko na biyun ma sau da yawa ƙwari da fumfuna ne ke cin wani kaso nasa kafin masu shi su ci. Sayen buhu shi ne mafi sauƙi a wannan aiki. Wahalar tana wajen busarwa, toshe iska, da tunawa da abin da aka ajiye.

A fara da madafa, ba da kasuwa ba

Kafin maigida ya nufi Dawanau ko kasuwar ƙauye, uwargida ta rubuta abin da ake aunawa a gidan na mako biyu: kwano nawa na hatsi, wake nawa, mai kwalba nawa, gawayi ko gas nawa. Wannan lissafin ya fi kowane jadawali gaskiya, domin gidan da ke da samari huɗu ba ya ci kamar gidan da ke da yara ƙanana huɗu.

Don a samu abin gwadawa, hukumomin agaji na lissafin kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana. A kayan abincinmu wannan na nufin hatsi giram 400 zuwa 450, wake kamar giram 70, mai giram 30, gishiri giram 5. A ɗauki gida mai mutum takwas da kwana 90. Hatsi zai kama kilo 290 zuwa 325. Idan ana awo da kwanon da 40 ke cika buhu mai kilo 100, wato kwano ɗaya kusan kilo biyu da rabi, gidan na cin kimanin kwano ɗaya da rabi a rana, kusan buhu uku da rabi a wata uku. Wake kilo 50, rabin buhu ke nan. Mai kusan lita 24, jarka ɗaya babba. Gishiri bai kai kilo huɗu ba. Mudu da tiya sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, saboda haka a ɗora kwanon gidan a kan sikeli sau ɗaya a san nauyinsa.

Abu biyu ke ɓata wannan lissafi. Na farko surfe: masarar da aka surfa fes takan rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta a dusa. Na biyu baƙi. Ranar tsanani ba mutum takwas ne za su ci ba, 'yar'uwa za ta zo da yaranta, maƙwabci zai aiko da kwano, kuma ba za a hana ba. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan duk abin da lissafi ya bayar, tun daga farko.

Kada a zuba kuɗin duka a hatsi iri ɗaya. Gero ya fi kowanne jure ajiya, ƙwayarsa ƙarama ce mai tauri, kuma shi ke ba da koko, kunu, fura da tuwo. Dawa na biye masa. Masara ta fi arha a yawancin shekaru amma ita ta fi jawo ƙwari da fumfuna. Shinkafa na da tsada, sai dai tana da wata fa'ida da ake mantawa: ba ta buƙatar injin niƙa. Ranar da babu wuta, babu man inji, ko an hana fita, buhun masara ba ya zama tuwo sai in akwai turmi da taɓarya da mai ƙarfin daka. A ganina buhun gero ɗaya, dawa ɗaya, masara ɗaya da rabin buhun shinkafa ya fi buhu uku da rabi na masara zalla, ko da ya ɗan fi tsada.

Lokacin saye kaka ne, daga Oktoba zuwa Disamba, ba a fafe gora ranar tafiya. Farashi yakan kai ƙololuwa tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. A wajen saye a tura hannu har tsakiyar buhu, kada a yarda da na sama. A zuba kwano ɗaya a faifai a duba: gari a ƙasa alamar ƙwari ne, ɗigo farare manne a fatar wake ƙwai ne, warin magani kuma dalili ne na a bar buhun ko da an yi ragi.

Danshi

Yawancin ajiyar da ta lalace, tun ranar da aka ɗaure bakin buhu ta lalace. Hatsin kaka, musamman masarar da aka yi saurin girbewa don a kai kasuwa, yana zuwa da ruwa a cikinsa ko da ya yi kama da busasshe. Masara, dawa da gero na son danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka. Wake kashi 12. Ɓararriyar gyaɗa kashi 7 zuwa 8, shi ya sa ya fi kyau a ajiye ta da ɓawonta. Shinkafar gida da aka turara ma a sake shanya ta, domin masu gyaranta ba kullum suke bari ta bushe sosai ba.

A shanya a kan tamfol ko siminti mai tsabta, ba a ƙasa tsirara ba. Kaurin shimfiɗar kada ya wuce yatsa uku, a riƙa juyawa da hannu ko katako duk bayan awa ɗaya ko biyu, a kwashe kafin raɓar yamma. A sheƙe, a bakace, a fitar da tsakuwa, ƙaiƙayi da fasassun ƙwayoyi, domin a cikin fasassun ne ƙwari da fumfuna ke fara kama wuri. Bayan an kwashe daga rana a bar shi ya huce a inuwa. Hatsi mai zafi idan aka rufe shi a leda ko duro yana yin gumi, gumin ya taru a jikin ledar, ƙwayoyin gefe su jiƙe.

Ciza ƙwaya da haƙori gwaji ne mai kyau ga wanda ya saba: busasshiya na fashewa da ƙara, mai danshi na lotsewa. Amma akwai gwajin da kowa zai iya. A samu kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, a cika kashi ɗaya cikin uku da hatsin. A soya gishiri a kasko ba mai har ya bushe ƙarau, a bari ya huce, a zuba cokali biyu ko uku a kwalbar. A rufe, a girgiza minti ɗaya, a ajiye kwata na awa, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin gilashi, danshin ya haura kashi 14 zuwa 15, a mayar rana. Idan bai manne ba, a ƙara wuni ɗaya ko biyu a rana duk da haka, domin gwajin yana nuna an fita daga haɗari ne kawai, bai nuna an kai 13 ba.

Hunturu babban mataimaki ne a nan. Iskar Disamba zuwa Fabrairu busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe ruwan hatsi ko a inuwa. Ta Agusta kuwa cike take da laima, kuma hatsin da ke cikin buhun saƙa na yau da kullum yana shan laimar nan ya koma ɗanye. Saboda haka duk abin da za a rufe, a rufe shi lokacin hunturu, kafin iskar bazara ta juyo.

Abin da ke sa a dage a kan danshi ba asarar kuɗi ba ce kawai. Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa na fitar da dafin afulatoksin, wanda ke lalata hanta, yana jawo kansar hanta idan an daɗe ana ci, yana kuma tsumburar da yara. Dafuwa ba ta kashe shi, niƙa ba ya rage shi. A gabashin Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar gida da aka ajiye da danshi. Ƙwayar da ta yi kore-kore, baƙi, ko ta yamushe, a tsince ta a zubar.

Ƙwari, da maganin da ya fi ƙwarin haɗari

Ƙwaron wake yawanci ba daga ɗakin ajiya yake fara shiga ba, daga gona ake zuwa da shi. Macen na saka ƙwai a kan kwanso tun wake na tsaye, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwaya, ta ci ta girma a ciki, ta fito ta bar rami. A zafin ƙasarmu wannan zagaye na ɗaukar mako uku zuwa huɗu, kuma mace ɗaya na saka ƙwai gommai. Shi ya sa buhun da ya yi kyau a Nuwamba yake zama gari da ramuka a Maris. Wanke ɗaki da share shi na da amfani, amma ba ya taɓa tsutsar da ke cikin ƙwaya.

A nan ne mutane ke komawa ga guba. Ana yayyafa fiya-fiya a wake, ana jefa ƙwayar fostoksin a buhu a jingine shi a ɗakin da yara ke kwana. Fiya-fiya ba a yi shi don abinci ba, kuma saboda ragowar irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Fostoksin kuwa da ya haɗu da danshin iska sai ya saki hayaƙi mai kisa wanda ke bi ta tsagar bango, ƙarƙashin ƙofa da saman silin zuwa ɗakin da ke kusa. Ba shi da makari a asibiti, kuma yara ne ke fara faɗuwa. Aikin ƙwararru ne a sito da ke nesa da gidajen kwana. Ba shi da wuri a gidan da mutane ke zaune, ko kaɗan.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo shi ne ba a buƙatar gubar. Ƙwaro na numfashi. Idan aka rufe busasshen hatsi a mazubin da iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki na shanye iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Wannan shi ne sirrin buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwadawa da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka yaɗa shi a Najeriya da Nijar tun daga 2007, kuma cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi ta yi aiki sosai a kansa. Buhun rufi uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Akwai mai kilo 50 da mai kilo 100.

Yadda ake ɗaure shi ne ke raba wanda ya ci riba da wanda ya ce buhun ƙarya ne. A fara da gwada kowace leda: a buɗe ta ta cika da iska, a riƙe baki, a danna. Idan tana saki, akwai huji, a liƙe da salatif mai ƙarfi ko a sauya. A saka leda ɗaya cikin ɗaya, a saka su cikin buhun saƙa, a naɗe bakunan uku waje. A zuba kwano biyu ko uku tukuna, a gyara gindin ledojin su zauna ba tare da lanƙwasa ba, sannan a ci gaba da zubawa ana girgizawa don ƙwayoyi su zauna. A bar kamar taƙi ɗaya da rabi a sama. A matse ledar ciki daga kan hatsi zuwa sama don iska ta fita, a murɗa bakin sosai, a lanƙwasa shi biyu, a ɗaure da igiya ko tsinken roba. A yi wa leda ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure su tare ya bar wa iska hanya.

Bayan an ɗaure kada a buɗe don leƙe, aƙalla wata biyu. Kowace buɗewa na mayar wa ƙwarin da ba su gama mutuwa ba numfashi. Kada a ja buhun a ƙasa, kada a soka masa ƙarfen ɗanɗano, kada a bar shi a rana. Idan ledojin ba su huje ba za a sake amfani da su kaka biyu ko uku. Kuma a sani buhun ba ya gyara ɗanyen hatsi: mai danshi idan aka rufe shi yana tsami, launinsa ya sauya, irin shuka ma ya mutu.

Jarka mai lita 25 na yin aikin nan daidai, har ta fi buhu jure ɓera. Tana cin wake kusan kilo 20, kwano takwas ke nan. A yi amfani da wadda aka zuba man girki a ciki, ba ta fetur, kalanzir ko maganin feshi ba, domin roba na riƙe waɗannan har abada. A wanke da ruwan zafi da sabulu, a kife ta kwana biyu ta bushe har lungun hannunta. A cika ta maƙil ana bubbuga gindinta a ƙasa, a ɗora leda mai kauri a baki kafin a murɗa murfi. Jarkar da aka cika rabi ba ta aiki, iskar da ke sama ta ishi ƙwari rayuwa. Duron ƙarfe mai lita 200 na cin masara kimanin buhu ɗaya da rabi, sharaɗinsa ɗaya ne: murfi mai roba da ke kamawa gam, kuma a ajiye shi a inuwa.

Idan waken ya riga ya fara nuna ƙwari, a gasa shi a rana kafin a rufe. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buhunan banza a ƙasa don zafi kada ya tsere, a ɗora baƙar leda, a baza wake siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu. Awa biyu a tsakar rana, a tsakanin sha ɗaya da uku, zafin ciki na wuce digiri 57, wanda ke kashe ƙwai, tsutsa da manyan ƙwari. Tsohuwar dabarar toka ma tana aiki ga ɗan kaɗan: a tankaɗe tokar itace mai sanyi, a haɗa kwano ɗaya na toka da kwano ɗaya na wake, a rufe sama da toka. Ganyen darbejiya da barkono na ɗan korar ƙwari, amma kada a dogara da su ga buhun da za a kai damina.

Manomin da ke da rumbu, mafi alheri ya bar geronsa da dawarsa a dami. Zangarniyar da ba a sussuka ba ta fi tsabar hatsi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bai wa mutanen Masar ke nan, su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa. A gyara jinkar rumbu kafin ruwan farko, a duba duwatsun da ke ɗauke da shi saboda gara, kada a ɗora sabon dami a kan ragowar tsoho.

Wurin ajiya

Buhu ba ya zama a kan siminti kai tsaye, siminti na tsotso laima daga ƙasa. A ɗora a kan katako ko benci, taƙi ɗaya daga ƙasa, kamu ɗaya daga bango, kuma kada tarin ya kai kusa da rufin kwano. A unguwar da ruwa ya taɓa shiga, taƙi ɗaya bai isa ba, a gina dandamali ya kai ƙugu. Kada taki, fetur, sabulu ko maganin ƙwari su zauna ɗaki ɗaya da abinci. Ƙaramin ɓera na shiga ta ramin da ɗan yatsa zai shiga, a toshe da siminti ko ragar ƙarfe, a riƙe kyanwa. Ɓera ɗaya da ya huda leda ya gama da aikin buhun PICS.

Kada a tara komai wuri ɗaya. A yankunan Zamfara, Katsina da Sakkwato inda 'yan bindiga ke ƙona rumbuna, raba hatsi biyu a kai wani kaso wurin amintaccen ɗan'uwa a cikin gari ya fi barinsa duka a ƙauye. Ba kowa ne kuma ya kamata ya san yawan abin da ke ɗakin ba.

Abin da ba hatsi ba

Garin hatsi ba ya ajiyuwa. Garin gero na fara ɗaci cikin kwanaki saboda man da ke cikinsa, na masara na kai makonni. A niƙa na mako biyu kawai, sauran ya zauna tsaba. Garin rogo da aka soya ya bushe sosai na kai wata shida a rufe. Man gyaɗa da manja a ajiye su a wuri mai duhu da sanyi, a raba babbar jarka zuwa ƙananan galan don kada a riƙa buɗe duka kullum, a cinye cikin wata shida zuwa shekara. Sukari, gishiri da zuma ba sa lalacewa in ruwa bai taɓa su ba.

Kayan miya su ne ke sa iyali su iya cin tuwo wata uku ba tare da yara sun rame ba, kuma arha ne: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, zogale da aka busar a inuwa don kada ya ƙone, kauɗar tumatur da tattasai a lokacin da kayan lambu suka yi araha, barkono, daddawa, kanwa, citta. A zuba su a kwalabe ko bokitin roba mai murfi. Kilishi da busasshen kifi na jure rani amma suna fumfuna da damina, a riƙa fito da su rana. Abincin gwangwani a duba ranar ƙarewarsa, gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki kada ko a ɗanɗana.

Sai abincin da ba ya son wuta, wanda ya kamata ya ishi gidan kwana uku zuwa mako: garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari, dabino, soyayyar gyaɗa, daƙuwa, biskit, madarar gari. Wani kaso ya zauna a jaka ɗaya kusa da ƙofa tare da tocila, ashana a cikin leda, takardun gida, magungunan masu hawan jini da ciwon sukari na wata guda, da tsabar kuɗi ƙananan takardu. Ga yaran da aka yaye, garin kunu na hatsi kwano shida, waken suya uku da gyaɗa ɗaya, duk a soye, yana riƙe su sosai, amma a haɗa na wata ɗaya kawai. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma.

Ruwa ya fi abinci gaggawa kuma ya fi wuyar tarawa. Ma'aunin masu agaji lita 15 ne ga mutum a rana, mafi ƙaranci lita bakwai da rabi don sha da girki da ɗan wanke hannu. Mutum takwas a mafi ƙaranci lita 60 ne, saboda haka duro mai lita 200 kwana uku ne da ɗan kai. A sauya ruwan ajiya akai-akai, a rufe shi, a riƙa ɗiba da moɗa ɗaya mai tsabta. Bayan ambaliya duk rijiya abar zargi ce: a tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa ƙwayar kulorin bisa umarnin da ke jikin takardarta a jira rabin awa. Alif na kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar kwalara. Idan gudawa ta kama wani, lita ɗaya na tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi ana neman asibiti. Makamashi ma a lissafa shi kamar abinci, buhun gawayi ko tulun gas na biyu da ba a taɓawa sai dole.

Wanda ba shi da kuɗin buhu

Mafi yawan gidaje ba za su iya fitar da kuɗin buhu uku da rabi a wata ɗaya ba, kuma wannan ba dalilin barin aikin ba ne. Kwano ɗaya a mako tun daga Oktoba na cika jarka kafin ƙarshen Nuwamba, sai dai a tara shi a buhu ana shanyawa har ya kai takwas, sannan a zuba a rufe lokaci ɗaya. Ƙananan galan masu lita huɗu ko biyar sun ma fi dacewa da wannan. Mata masu adashe su daidaita ɗauka ta faɗo a kaka, gida huɗu su haɗa kuɗi su sayi buhu a kasuwar ƙauye su raba kwano goma-goma. Tanadin mako biyu ya fi babu nesa.

Wannan duka abincin ci ne, ba haja ba. Malamai sun bambanta mai tanadin abincin iyalinsa, wanda ya halatta har na shekara, da mai kwashe hatsin kasuwa lokacin da mutane ke matse ya kulle yana jiran ya yi tsada. Kuma farashi ba kullum yake hawa ba: a 2025 hatsi ya faɗi, waɗanda suka cika sito don riba suka yi asara, amma gidan da ya ajiye na ci bai rasa komai ba tunda cinyewa zai yi.

A rubuta wata da shekara a jikin kowane buhu da jarka da alƙalami mai kauri. A ci tsoho a mayar da sabo baya. Idan aka buɗe buhun PICS, a ɗebi na wata guda a sake ɗaure shi yadda aka yi da farko, ko a juye ragowar a jarkoki. Wake kada ya wuce shekara, domin tsohon wake da ya sha zafi yana taurin dahuwa ya cinye gawayi. Irinsa a jiƙa shi tun dare a sa kanwa kaɗan, ko a niƙa a yi ƙosai, alale da ɗanwake.

Sau ɗaya a wata a shiga ɗakin da tocila. A duba kashin ɓera, hanyar gara a bango, ɗigon ruwa daga rufi, a shafa buhunan da ba na leda ba a ji ko sun yi ɗumi, domin ɗumi a tsakiyar buhu alamar ƙwari ko ruɓa ce. Wanda ƙwari suka kama a fito da shi a shanya, a bakace, a fara cinsa. Wanda ya yi fumfuna kuwa ba a wanke shi a ci, ba a kuma bai wa kaji ko saniyar tatsa, domin dafin na bi ta nono ya dawo wa yara. A binne shi ko a ƙone.